Muhawarar masu gyara: a goge fayil ɗin dump ko a ajiye?

Daga zauren WhatsApp na masu gyaran kwamfuta, unguwannin Circle da Nima a Accra, Ghana

Masta Yakubu: Salamu alaikum. Ku yara masu koyon aiki, kwamfuta in ta fara faɗuwa tana kawo shuɗin allo, a yi mata fomat a huta. Wannan MEMORY.DMP, babban fayil ɗin dump da Windows ke rubutawa in ta faɗi, cin wuri kawai yake yi, wani har ya haura giga ɗaya. A Tip Toe Lane, layin 'yan waya da kwamfuta na Circle, mai kaya a kanka yake tsaye, ba zai jira ka gama bincike ba.

Rukayya: Wa alaikumus salam Masta. Ka yi haƙuri, ban yarda ba. Fayil ɗin ne kaɗai shaidar abin da ke cikin RAM, wato ma'ajiyar aikin kwamfuta ta wucin gadi, lokacin da Windows ta faɗi. Makon jiya wata hajiya daga Mamobi ta kawo mini laftof da aka yi wa fomat a wani shago, an karɓi kuɗinta, ciwon ya dawo. Na ɗauko ƙaramin fayil ɗin dump daga C:\Windows\Minidump, na buɗe shi da WinDbg, manhajar karanta dump, na rubuta !analyze -v, sai ga sunan direban Wi-Fi, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar Wi-Fi, ɓaro-ɓaro. Bayan fomat Windows da kanta ta sake sauko da shi. Da na canza shi, shi ke nan.

Masta Yakubu: Sa'a kika yi, 'yata. Sau nawa yake nuna ntoskrnl.exe kawai, wato jigon Windows kanta, ka tashi a tutar babu?

Abdul Basit: Haka ne Masta, amma wannan ma dalili ne na tara fayilolin. In kowane fayil ya kama wani direba daban, to RAM za ka tuhuma, ka sa manhajar gwajin RAM ta MemTest86 ta kwana tana gwadawa. Fayil ɗaya ba zai nuna maka haka ba. Kuma ƙaramin dump ba ya cin wuri sosai.

Mutawakilu: To in dumsor, wato ɗauke wuta, ne ya kashe kwamfutar fa?

Rukayya: Babu dump ɗin da Windows za ta rubuta, wuta ta riga ta tafi. Haka ma in ka kashe pagefile, fayil ɗin da ke taimaka wa RAM a kan faifai, don neman wuri. Ku tuna 19 ga Yulin 2024, da sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike ta kayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5. Irin waɗannan fayiloli suka nuna csagent.sys, direban CrowdStrike, aka goge fayil ɗaya ta Safe Mode, wato kunna Windows da muhimman direbobi kaɗai, ba a yi fomat ba.

Alhaji Inusa: Ni damuwata amana ce. Babban dump yana iya ɗauke da kalmar sirri da saƙonnin mai kaya. Kada wani ya kwafa a filashi ya turo zauren nan ba da izininsa ba.

Masta Yakubu: Babban dai zan ci gaba da gogewa. Ƙananan, Mutawakilu, ka riƙa kwafe su kafin ka taɓa komai. Rukayya, ki leƙo shago ran Asabar ki nuna masa WinDbg ɗin.

Rukayya: In sha Allah Masta, bayan la'asar.