Gwarar Ƙaya da Agwagin Tafki

Sabon Shiga:
Salamu alaikum. Yau na fara fita kallon tsuntsaye, na dawo da tambaya. Amsa-amonmu "wa" ne, kada a sauka daga kai.

Ƙarshen kaka ya zo, ganye ya zube,
Reshe tsirara, ba wurin ɓoyewa.
Na ɗau madubin hange tun da asuba,
Na tsaya bakin tafki, sanyi na ratsawa.
Ƙananan kan ƙaya duk na ce gwara ne,
Masu iyo agwagi, ban tsaya dubawa.
Littafi a hannuna, ido a kan reshe,
Kafin in buɗe shafi sun yi tashiwa.

Mai Madubi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Sannu da sanyi.

Rufe littafin nan, sa shi cikin aljihu,
Tsuntsu ba ya jiran mai karantawa.
Gwara iri biyu ce ke hawa ƙayar nan,
Kai da kunci su ne wurin farawa.
Ta gida, namijinta tsakar kai toka ne,
Ta bishiya jar hula take sanyawa.
Ga ɗigon baƙi a kan farin kuncinta,
Kamar tawada ce da ba ta gogewa.
Mace da namijinta kamarsu guda ce,
Ko ni mai furfura ba na rabewa.
Macen ta gida kuwa ba ta da ado,
Sai ɗan farin layi, bayan ido yake bi yana wucewa.

Baitin ƙarshe ya yi tsawo, a yi haƙuri, layin ne ya ja ni.

'Yar Tafki:
Malam ya riƙe ƙaya, ni ruwa zan shiga,
Ƙanena matso kusa, bar ɗari-ɗari da rawa.
Toro mai koren kai, baki rawaya,
Farin zobe a wuya, shi ke burgewa.
Matarsa ruwan ƙasa, dabbare-dabbare,
Amma duk kwakwazon nan ita ke yowa.
Shi muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar mai mura,
A shuɗin tambarin fiffike kamarsu ke haɗuwa.
Kalli cin abincinsu kafin launinsu:
Wannan kai a ruwa, wutsiya na lilawa.
Agwagwa mai tukku kuwa, mai ido ruwan zinare,
Nutso take gaba ɗaya, can take ɓullowa.

Sabon Shiga:
Yaya, na gode, amma ga wata baƙa ƙirin,
Goshi fari, baki fari, tana ta kaiwa da kawowa.
Na rubuta "baƙar agwagwa" a takardata,
In kuskure ne, a taimaka da gogewa.

'Yar Tafki:
Goge, ƙanena! Wannan dangin kazar ruwa ce.

Jira ta hau tudu ka dubi ƙafarta,
Ba fatar da ke haɗe yatsun, suna rabuwa.
Kowane yatsa da faffaɗan gefensa,
Kuma tana iyo kai na gyaɗawa.
'Yar'uwarta mai jan baki, tsininsa rawaya,
Bakin ciyawa take bi, ba ta son fitowa.

Sabon Shiga:
Malam, na dawo kanka, kar ka ga rashin kunya,
Hoton littafi da idona sun ƙi haɗuwa.
An zana gwarar gida da baƙin maƙogwaro,
Nawa dishi-dishi ne, kamar yana koɗewa.

Mai Madubi:
Madalla da wannan ido! Ba koɗewa ba ne,
Sabon gashi ya yi bayan zubarwa.
Bakin kowane gashi toka ne yanzu,
Shi ya lulluɓe baƙin, yana rufewa.
Sanyi na tafiya, bakin gashin na cinyewa,
Kafin lokacin sheƙa baƙin na bayyanuwa.

Dattijon Benci:
Ku bar ni in sa baki ba da waƙa ba, numfashina bai kai ba. Gwarar bishiyar nan da kuke yaba kuncinta, ita aka yi wa gangami a Sin a 1958, wai tana cinye hatsi. Aka yi ta kaɗa kwanoni har tsuntsaye suka riƙa faɗowa don gajiya. Da ta yi ƙaranci sai fari da sauran ƙwari suka samu sake, domin da ƙwari take ciyar da 'ya'yanta. A 1960 aka cire ta daga jerin abokan gaba. To, ga ɗan nawa:

Ni benci nake zama, ba na bin kowa,
Wanda ya gaji da tashi, gabana yake saukowa.

'Yar Tafki:
Baba, baitinka biyu sun fi namu goma!
Gobe a yi sammako kafin ruwa ya yi daskarewa.
In ƙanƙara ta rufe tafkin, masu nutso sun tafi,
Sai inda ruwa ke buɗe za su yi komawa.
Jiya dinyoyi sun wuce sama kamar kan kibiya,
Na gaba in ya gaji, baya yake dawowa.

Sabon Shiga:
Na je, Yaya. Yatsuna har yanzu ba sa lanƙwasuwa.

Gwarar bishiya uku, na ga ɗigon da idona,
Mai tukku biyu, na ƙirga suna nutsewa.
Ga wani dogo kan ƙafa ɗaya cikin ciyawa,
Zalɓe ne, Malam, ban ce masa agwagwa ba, kowa ya shaida wa.

Mai Madubi:
Amsa-amon ƙarshen nan da ƙyar ka jawo shi, ɗana. Amma zalɓen na karɓa.