Ina ake kai gajeren labarin kimiyya da aka rubuta da Hausa?

Ɗan Gangare, Jos

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar rubutu. Na kammala wani gajeren labari da Hausa, mai kalmomi kusan 4,000, a kan garin Jos nan da shekaru masu yawa, lokacin da ruwan sha ya yi wuya har aka koma tace ruwan kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajajen Bukur, sai injin tacewar ya fara fito da abin da magabata suka binne. Na sa kashi na farko a wani zauren marubuta na WhatsApp, aka yaba, amma da yawa suka ce in ban zuba soyayya a ciki ba babu mai saye. Na ji akwai mujallu a intanet da ba sa buga komai sai labaran kimiyya da na al'ajabi. Shin akwai wadda za ta karɓi rubutun Hausa, kuma da gaske ne suna biyan marubuci?

Maman Ilham, Kubwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Suna nan, kuma suna biya, sai dai waɗanda na sani galibi da Turanci suke bugawa, don haka ba makawa sai ka fassara. Wadda ta fi kusa da mu ita ce Omenana, wadda 'yan Najeriya biyu, Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu, suka kafa a 2014 domin marubutan Afirka, kuma a nan nake ganin ya kamata sabon shiga ya fara karatu kafin ya tura komai. A Amurka akwai Clarkesworld da Neil Clarke ya kafa a 2006, da Strange Horizons da ke fitowa tun 2000, da FIYAH wadda ta keɓe shafukanta ga marubuta baƙar fata. Manyan cikinsu da kalma suke lissafin kuɗi. Ƙungiyar marubutan wannan fanni ta Amurka ta tsayar da senti 8 a kowace kalma a matsayin farashin ƙwararru a 2019, ka ga labari mai tsawon naka zai kama dala 320 ke nan idan an saya. Na ce idan an saya, domin labaran da ke isa gare su a kowane wata suna da yawan gaske, waɗanda ake ɗauka kuwa 'yan kaɗan ne.

Abin da ya fi damuna shi ne sa shi da ka yi a WhatsApp. Abin da waɗannan mujallu ke saye shi ne haƙƙin bugun farko, kuma labarin da aka riga aka baza wa jama'a a intanet yawancinsu suna ɗaukarsa a matsayin wanda aka buga. Ka dakatar da sa sauran kason tukuna.

Malamin Adabi, Unguwar Rogo

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, amma ina da gyara a kan batun bugun farko. Idan an buga labari da wani harshe, fassararsa ta Turanci tana nan a matsayin sabuwa a wurin mujallu da dama, shi ya sa Clarkesworld ta daɗe tana fitar da labaran Sinawa waɗanda aka riga aka buga a ƙasarsu. Abin da ake buƙata shi ne ka faɗa wa edita gaskiya a cikin takardar da za ta raka labarin, cewa asalinsa Hausa ne kuma wani ɓangare ya fita a zaure kaza. Akwai ma mujallar da aikinta ke nan, wato Samovar, ƙanwar Strange Horizons da aka fara a 2017, wadda ke buga fassarar Turanci tare da rubutun asali, ta yadda mai karatu a unguwar Rikkos da ke Jos zai iya karanta Hausarka yadda ka rubuta ta, na Landan kuma ya karanta Turancin. Ni a ganina can ya fi dacewa da kai.

Fassarar ce wurin da ake faɗuwa. Kada ka kuskura ka zuba labarin a manhajar ƙirƙirarriyar basira ka kwashe abin da ta ba ka ka tura. A watan Fabrairun 2023 sai da Clarkesworld ta rufe karɓar labarai na ɗan lokaci saboda ɗaruruwan rubuce-rubucen na'ura da aka yi ta antayo mata, kuma tun daga nan dokarta ta haramta duk abin da irin waɗannan manhajoji suka rubuta ko suka fassara, wanda aka kama kuma ana rufe masa ƙofa. Ka nemi mutum mai jin harsunan biyu, ku zauna ku bi jimla bayan jimla, kuma idan ya ce a cire sunan Bukur ko a mayar da mai garuwa wani abin da Bature zai gane da sauri, ka ƙi. Editocin nan sun ƙoshi da labaran da suka faru a birnin da ba shi da suna.

Su kuma masu cewa Bahaushe ba ya karanta irin wannan sai da soyayya, a tuna musu cewa Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, kuma an karanta shi a makarantu.

Maman Ilham, Kubwa

Na karɓi gyaran Malam. Ƙarin da zan yi shi ne a karanta ƙa'idojin kowace mujalla kafin a tura, domin wasu suna buɗe ƙofa ne na 'yan kwanaki kawai a shekara, wasu kuma ba su yarda ka aika labari ɗaya wuri biyu a lokaci guda ba. Sannan duk wanda ya nemi ka biya kuɗi kafin ya karanta ko ya buga labarinka, ba ya cikin waɗannan da muka ambata. Idan Allah ya sa an ɗauka, ka tambayi hanyar biyan kuɗi kafin ka sa hannu a yarjejeniya, saboda da yawansu PayPal suka saba amfani da shi, mu kuwa a nan an daɗe ana shan wahalar karɓar kuɗi ta wannan hanya.

Ɗan Gangare, Jos

Na gode ƙwarai, Hajiya da Malam, Allah ya saka da alheri. Na dakatar da sa kashi na biyu, kuma akwai wata ɗalibar sashen Turanci a jami'a da ta amince mu fara fassarar bayan ta gama jarrabawa. Malam, idan ba za ka damu ba, zan so ka duba Hausar kafin mu fara, musamman wurin da na bayyana yadda injin yake aiki, domin a nan ne kalmomin aro suka yi mini yawa.