Esi mai taga na inbata a gidan haya: wa ya gwada?

Abban Husna:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar wanda ya gwada nake nema, ba ta ji-ta-ji-ta ba. Ina haya a Kano, ɗaki ƙafa 12 da 12 a saman bene, rana na dukansa daga azahar har magariba. Akwai ramin esi a bango tun na wanda ya tashi, kuma mai gidan ya ce kada a sake huda masa gini, don haka sifilit (esin da rabinsa ke ciki, rabi a waje) ya fita daga lissafi. Mai ɗakina ta haihu sati uku da suka wuce, ga bazara ta kunno kai. Mitarmu ta kati ce, muna Band A, rukunin da kuɗin wutarsa ya fi tsada. Shin in sayi sabon mai taga na inbata, ko in ɗauko na hannu na gama-gari in riƙe canjina? Yunit nawa yake sha muku a dare?

Maman Ilham:
Barka da arziki, Allah ya raya. Sayi sifilit kawai, ya fi shiru.

Abban Husna:
Amin Hajiya, na gode. Ai na ce mai gida ya hana huda bango.

Ɗan Fagge:
To wanne batir za ka haɗa masa? Inbata ai sai da batir da sola.

Injiniya MK:
Ɗan Fagge, wannan inbatar daban ce. Ba batir a ciki, in aka ɗauke wuta shi ma ya mutu. Bambancin a kwamfureso yake, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi. Na gama-gari ko dai yana gudu da cikakken ƙarfi ko ya tsaya cak, kuma duk tashin da zai yi sai ya fizgi wuta, shi ne kake ganin kwan fitila ya dushe. Na inbata yana tashi a hankali, in ɗaki ya yi sanyi sai ya rage gudu ya ci gaba. Nawa 1HP ne, na sa masa ido a mita: awa takwas a kan digiri 26, yunit 4 ko ƙasa kaɗan. Tsohon da na cire yakan ci 6. A farashin Band A na kusan naira 209 duk yunit, rarar ta ɗan haura 400 a dare, wato wajen dubu 12 a wata. Amma in za ka ajiye shi a 16 da ƙofa a buɗe, ba zai taɓa rage gudu ba, kuɗinka ka zubar.

Baba Tela:
Yaro, kada lissafin takarda ya ruɗe ka. Ni irin wannan zancen aka yi mini na sayar da keken ɗinki ɗaya na cika kuɗi na sayo. Wata biyar na more shi. Ran wata Juma'a da daddare aka kawo wuta mai ƙarfin tsiya, na ji "tas", sai warin ƙonewa. Fitilarsa ba ta sake kamawa ba. Na koma shagon, suka ce garanti bai shafi matsalar wuta ba. Mai gyara na farko ya buɗe, ya tsaya yana kallon fanel ɗin, wato allon lantarkin da ke sarrafa esin, kamar an ba shi wasiƙa da Sinanci. Na biyu ya ce sai an aiko da wani fanel daga Legas, ya karɓi dubu 45, ya cire nawa ya tafi da shi don a gwada. Yau wata bakwai, lambarsa a kashe. Gawar tana nan a bango na toshe ta da kwali saboda ƙura. Abin da ya fi ƙona mini rai, tsohon mai taga da mahaifinmu ya bari har yanzu yana ɗakin ƙanena yana ruri kamar injin niƙa, amma sanyi sai ka ja bargo. Sau biyu kacal aka canza masa kafasita.

Injiniya MK:
Allah ya mayar da alheri Baba. Amma ka sa masa sitabilaiza ko abin kariyar wuta?

Baba Tela:
Mai shagon cewa ya yi yana da nasa a ciki.

Usta Mai Sanyi:
Shekarata 18 ina wannan aikin, abin da Baba ya faɗa shi muke gani kullum. Na gama-gari ko a ƙauye za a tayar maka da shi. Na inbata in fanel ya tafi, kuɗinsa na iya kai rabin kuɗin esi na hannu. Kuma masu taga na inbata ba su cika kasuwa ba kamar sifilit, kayan gyaransu ma haka. Injiniya a ofis yake lissafi, mu ne muke hawa tsani.

Injiniya MK:
Usta, da girmamawa, matattu kaɗai ake kawo maka. Wanda nasa ke aiki lafiya me zai kai shi shagonka?

Usta Mai Sanyi:
To ranar da naka ya ƙone ka kira mitar ta gyara maka.

Sadiq Zariya:
Ku bar faɗa. Na tambaya a Sabon Gari watan jiya, 1HP na inbata an ce mini dubu 420.

Maman Ilham:
420 ina? Ƙanina ya sayo 310 a Beirut Road.

Usta Mai Sanyi:
Hajiya a duba kwalin da kyau, wani sitika ce kawai aka manna. Na hannu mai kyau ina da shi 140, gas cike.

Ɗan Fagge:
Ashe talla Usta ya zo. Abban Husna, tabarma da gidan sauro a tsakar gida, randa a gefe. Yunit sifiri, garanti daga Allah.

Abban Husna:
Da jaririyar sati uku? Baba Tela, ka tsorata ni gaskiya. Injiniya, sitabilaiza mai ƙarfin nawa zai ɗauke shi? Kuma ƙaramin janareta zai tayar da shi?

Hauwa'u Kaduna:
Ni maganar Band A ɗin ce ta tsaya mini. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga mu daga naira sittin da wani abu zuwa 225 aka ce awa 20 za a riƙa ba mu. An ɗan rage kuɗin daga baya, amma wutar fa? A layinmu in mun samu awa 11 mun yi sallah. Kuma sai ƙarfe biyun dare take zuwa, rabin ƙarfi, fanka ma da ƙyar take juyawa.

Sadiq Zariya:
Ku da kuke ganin ta ma. Taransifomarmu ta ƙone tun kafin azumi, aka yi karo-karo dubu 15 kowane gida. An kawo wata, kwana tara ta yi.

Baba Tela:
Mu sau uku muna haɗawa a shekara ɗaya. Wanda ke riƙe da littafin kuɗin ma ya canza babur.

Hauwa'u Kaduna:
Wai a doka ma mu ne ya kamata mu sayi taransifoma? Akwai wanda ya taɓa kai ƙara aka mayar masa da ko sisi?