Musayar waƙa: Yaushe rabon da a ƙirga mu?

Ɗan Hwadama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na tai suna garinmu nan ƙasar Argungu, a layinmu kaɗai raguna ukku anka yanka rana guda, sai na zamna ina ta lissahi, rabon da a yi ƙidaya ƙasar ga tun watan Maris na 2006 lokacin da anka shafa muna tawada ga yatsa anka ce Kabi duka mutum miliyan ukku da dubu ɗari biyu da ɗoriya, ta 2023 kuma anka shirya anka ɗage har yau shiru. Amma bohol ɗinmu guda ɗai na tun wancan lokaci. Abin ya tsaya min ga rai shi yas sa na ɗan tsara baitocin ga, wanda duk ka iyawa shi amsa min, amsa-amon "ya" za mu bi.

Da sunan Allah ni ka farawa,
Mai rayawa, Mai kashewa,
Shi ɗai yas san adadin kowa,
Ba shi bukatar ƙidaya.

Ran da mai ƙirga yaz zo garinmu,
Yas shafa tawada bisa yatsunmu,
Shina goye lokacin, autanmu,
Yau ga shi da mata har da ɗiya.

Da unguwa ukku garin yat tashi,
Yau bakwai, kullum ana daɗa shi,
Hilin sussuka an rarraba shi,
Gini ya kai har bakin hanya.

Amma bohol ɗinmu shi ɗai na,
Jarkoki bisa layi su ka kwana,
Wanda yaz zo bayan hitar rana,
Sai dai shi nuhi tsohuwar rijiya.

To ku gaya min, ku masu ilimi,
In za a raba muna ruwa da malami,
Da wane lissahi aka yin awo, da mi,
Da yawanmu na yau ko da na jiya?

Malamar Firamare:
Wa alaikumus salam Yaya. Wallahi ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi, ni da nake fama da 'yan aji biyu kullum. Ga tawa daga cikin aji.

Yaya in ƙirga kake bukata,
Zo ajina ka buɗe rijista,
Shafi ya ƙare, sai na rubuta
Sauran sunaye a bangon baya.

Bencin mutum uku, shida ke kansa,
Saura buhu kowa ya shimfiɗa nasa,
Littafi a cinya, ƙafa a ƙasa,
Na can ƙurya ba sa jin murya.

Rabin rufin ya bi iskar bara,
Hadari na haɗowa in sallami yara,
Karatun damina rabi asara,
Ran ruwa mun tashi gaba ɗaya.

'Yan matan da suka gama aji shida,
Sakandare sai an yi nesa da gida,
Uba ya auna tafiyar, ya ƙi yarda
Ɗiyarsa ta bi daji ita ɗaya.

Wannan baitin na ƙarshe shi ya fi ci min rai, akwai wata yarinya da na koyar wadda lissafi ke zaune a kanta kamar ruwa, yanzu awara take soyawa a ƙofar gida, duk ran da na wuce sai ta tambaye ni ko da wani littafin da zan ara mata.

Ɗan Cikin Gari:
Allah ya saka Malama. Amma ku bari in ɗan saka baki don na ga kamar ana ganin mu na cikin Argungu muna cikin daula ne, alhali nauyin da ya fi ƙarfin ƙauye kanmu yake saukowa.

Kun hango Argungu kun ga kwalta,
Ga kwalejin Adamu Augie gefenta,
Ga injin WACOT na cashe shinkafarta,
Kun ce mu kam mun gama da wuya.

Amma wanda ambaliya ta kora,
Da wanda ya bar gona don asara,
Da mai neman sakandare don yara,
Duk nan suke zuwa su kama haya.

Sabbin unguwanni na ta tsirowa,
Bututun fanfo bai kai su ba kuwa,
Mai kura ke kawo mana ruwa,
Jarka jarka muke ta saya.

Taransifomar da muka gada,
An jona mata gidaje ninkin na da,
Ta buga, mun yi karo-karo mun tada,
Kafin wata biyu ta koma jinya.

Kuma ku sani yawan jama'a na cikin abin da ake dubawa wurin rabon kuɗin tarayya ga jihohi da ƙananan hukumomi, to in alƙaluman sun tsufa ai rabon ma ya tsufa, ƙauye da gari duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Baba Dattijo:
Ɗiyana sannunku da ƙoƙari, jikana ka rubuta min wagga don idona ba shi ganin ƙananan baƙaƙen waya. Na ji daɗin baitocinku amma akwai inda nika son ku yi hattara.

Ɗiyana ku auna wanga zance,
Kada na nesa shi ji ku shi ce
Haihuwa ta laihi, alhali ni'ima ce,
Kyauta ta Mai duniya.

Ganuwar Surame mi yag gina ta?
Hannun jama'a na zamanin Kanta,
Dutsi bisa dutsi sunka jera ta,
Sauranta na nan, ba ƙarya.

Ran bukin su a Matan Fada,
Dubbai ka afkawa gulbi guda,
Homa da gora, abin da munka gada,
Shi ka kawo baƙin duniya.

Rijiyar da kaka kira tsohuwa,
Gayya munka yi da iyayen kowa,
Kwana tara muna gina har ruwa,
Ba mu jira wani shi biya.

Ɗan Hwadama:
Allah shi ƙara girma Baba, Allah shi bar muna ku. Na karɓi gyara hannu biyu, amma a yi min izini in ɗan kare kaina.

Baba na durƙusa na ɗauki gyara,
Ban ce a rage ko ɗaya cikin yara,
Tuwon ni ka roƙo a ƙara,
Tunda hannuwa sun ƙaru ga ƙwarya.

Rijiya kam gayya ka yin ta Baba,
Likita hwa gayya ba ta yo shi ba,
Gada bisa gulbi ba aikin kwando ba,
Wannan sai hukuma ka iya.

Inna Mai Rigakafi:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ina share hawaye, Baba ina gaisuwa. Ni ban iya ƙwar huɗu ba sai bibbiyu, ku yi min haƙuri. Abin da nake so in faɗa, ƙannena, kar ku yarda wai ba a san yawanmu ba. Na yi shekaru ina yawon ɗigon shan-inna gida gida, duk ƙofar da muka shiga sai mun rubuta da alli a bango yara nawa ne a ciki, nawa aka ba, nawa ba sa nan sai an dawo, duk yaron da ya sha a shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, da yamma a kai takardar lissafi a haɗa. Da irin wannan bin ƙwaƙƙwafin aka kai ga sanarwar 2020 cewa an ga bayan ƙwayar cutar ta asali a Najeriya. To shekarar ce kuma ruwa ya cinye shinkafar fadama a Kabi, kuma a cikin ruwan nan abin da zan faɗa ya faru a hannuna, don ni ce ungozomar unguwarmu.

Ni na bi tunga, na bi ruga,
Akwatin ƙanƙara rataye a wuya.

Kowace ƙofa na sa mata alli,
Yaran ciki ɗaya bayan ɗaya.

Tungar da ba ta cikin taswira,
Kwalekwale ya kai mu, mun sha wuya.

In ɗigo ya san hanyar kowane ɗaki,
Me ya hana magani biyo baya?

Ɗakin shan maganin da ke garinmu,
Ma'aikacin cikinsa mutum ɗaya.

Ba laifinsa ba, la'asar ya sa kwaɗo,
Naƙuda ko ba ta jiran safiya.

Daren da gulbi ya hau kan gona,
Aka buga min ƙofa, Inna ki taya.

Na riƙe fitilar waya da haƙora,
Hannuna biyu na kan yarinya.

Jini ya ɓalle, mashin ba ya wuce laka,
Kan ƙyauren ɗaki muka ɗora ɗiya.

Maza huɗu, ruwa iya ƙugunsu,
Uwarta na bin mu tana Ya Hayyu Ya.

Ita ta rayu, da sauran kwananta,
Ɗan dai ya koma tun a hanya.

An ce tsarin shi ne kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya guda mai aiki sosai, madalla, amma mazaɓa ɗaya ƙauyuka nawa ne a cikinta, wani ma gulbi ya raba shi da cibiyar. Yaron nan ba a yi masa suna ba, ba ya cikin littafin kowa, ni ce dai nake ƙirga shi.

Malamar Firamare:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna Allah ya ba ki lada, Allah ya sa mai ceto ne. Na kasa yin baiti yanzu wallahi.

Ɗan Arewa:
Allah shi jiƙan rai Inna. Ni daga wajen Kangiwa nika magana, masarautarmu guda, Argungu da Augie da Arewa da Dandi, amma ciwonmu daban. Ko wagga amsar sai da na hau tudu kahin ta tahi, wani lokacin ma sabis ɗin Nijar ka shigowa wayar.

Ku hwadama ruwa ka korawa,
Mu nan tudu, ƙasar Arewa,
Jaki ka jan guga don zurhin ruwa,
Sai ya ƙure tsawon igiya.

Mutum da bisashe layi guda,
Garke ya ƙaru, gida ya hi na da,
Kan kwalo guda aka tada hwaɗa,
Tsakanin ɗan uwa da makiyayi ɗaya.

Akwatin zaɓe ya san garinmu,
Ran nan an iya lissafa mu,
Mota har ƙofa ta ɗauke mu,
Daga nan ba mai kira ko ga waya.

Malamar Firamare:
Na dawo. Maganar Inna ta hana ni barci, sai na ga ai takardun nan suna hannunmu, ni ina da rijista, Inna ta san gidaje, liman ya san sunan da aka raɗa, mai unguwa ya san wanda ya tare. Kuma tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, to ko ba komai mun san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Baba ka ce gayya, to ga ta,
Ba ta haƙa ba, wannan ta rubuta,
Kowace unguwa ta ƙirga nata,
Gida gida, kan gaskiya.

A sa yawan yara, a sa yawan aji,
Bohol mai aiki da wanda ya gaji,
Nisan asibiti, gulbi ko daji,
Shafi guda ya ishi ƙauye ɗaya.

Mai gari ya sa hannu a kai wa hakimi,
Kofi ga kansila, kofi ga malami,
In mun je gun ciyaman ba dogon tsimi,
Takarda ce za ta yi tambaya.

Ɗan Arewa:
Na yarda Malama, amma tambaya guda. Garinmu da an gama girbi rabin samari sun tai ci-rani, wasu Legas wasu Kwatano, ga kuma rugar da ka tashi da rani ta dawo da damina.

Wanda yat tahi ci-rani,
Da mai shanu da ka bin rani,
A sa su ko a bari, ku ban bayani,
Kada mu rubuta ƙarya.

Baba Dattijo:
A sa su ɗana, amma a ware musu layi nasu a rubuta ba su nan, kamar yadda ɗiyata mai rigakahi tac ce suna yi da alli. Kai kuma Ɗan Hwadama in za ka taho ran Juma'a ka sawo littahi mai shahi tamanin da biro biyu, ni zan yi ma mai gari magana bayan an sauko masallaci.

Ɗan ci-rani ɗakinai na nan,
Matatai ka ɗibar ruwa nan,
Mai ruga damina shina nan,
Mu hwara da gidajen bakin rijiya.