Muhawara: Bakin aksil ya kalli giya kai tsaye, ko a'a?

Mai a-kori-kura, Aliero: Salamu alaikum. Na sauya aksil ɗin baya da na wata mota, aka yanke mazaunin sifirin aka sake walda. Tun ranar, da na ɗan taka ta a hanyar Jega sai kujera ta kama rawa, har madubi ba ya nuna komai. An duba taya, lafiya lau. Farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil, guda ce, kuros biyu, wato gaɓar da ke kowane ƙarshenta. Mai waldan ya ce ya ɗaga bakin aksil, inda farfela ke ɗaurewa, ya kalli giya sak, wai haka ake yi.

Mai walda, Jega: Wa alaikumus salam. Ai gaskiyarsa ce, Alhaji. In farfela ta miƙe da aksil, kuros ya huta. A nemi laifin a wani wuri, ƙila farfelar ce ta lanƙwashe.

Ogan gareji, Birnin Kebbi: Ɗan'uwa, ban yarda ba. Kuros in yana aiki a karkace, ba ya juya farfela da gudu ɗaya: kowane zagaye sai ta yi sauri sau biyu, ta lafa sau biyu. Kuros na baya shi ke goge wannan fizgar, amma sai karkatarsa ta zo daidai da ta na gaba. Ka miƙar da na baya ka bar na gaba a karkace, wa zai goge? Fizgar ce Alhaji yake ji a kujera.

Mai walda: Oga, na sha ganin motocin da aka ɗaga, bakin aksil na kallon giya, kuma shiru kake ji.

Oga: Leƙa ƙarƙashinsu da kyau. Za ka tarar da kuros biyu a haɗe wuri ɗaya daga wajen giya, su ke goge wa juna. Irin wannan farfelar kam haka ake saita ta. Ta Alhaji ba ita ba ce. Tasa, layin giya da layin bakin aksil su tafi a jere kamar layin dogo. A ce wutsiyar giya ta sunkuya digiri 4, farfela ta gangara 7, kuros na gaba na aiki a 3 ke nan. A ɗaga bakin aksil 4, na baya ma ya zama 3. Kada bambancinsu ya wuce digiri 1. Kuma ko sifili ba a so, don ƙananan alluran cikin kuros sai da 'yar karkata suke mirginawa su sha giris, in ba haka ba su ci wuri ɗaya su bar zane.

Direba, Argungu: Oga, da girmanka, wannan lissafin mota ce babu kaya. A ɗora mata buhunan albasa ta zauna, ina digirinka?

Oga: Tambayarka ta yi. In ta zauna, gangaren farfela ne ke raguwa, kuma kuros biyun kusan tare suke canzawa muddin layukan na jere. Abin lura shi ne sifirin na murɗawa in aka ba da wuta, bakin aksil ya ɗaga sama. Shi ya sa nake rage masa digiri 1 zuwa 2 a tsaye, don in ya ɗaga ya dawo daidai.

Direba: To ni dai a auna ta da kayan da ta saba ɗauka.

Oga: Ba laifi, a auna sau biyu, da kaya da babu. Amma tayoyi na ƙasa, a kan daɓe mai kyau, ba a kan jak ba.

Mai walda: Har yanzu ina zargin farfelar. In an zare ta aka mayar, kunnuwan kuros ɗin gaba da na baya ba su zo layi ɗaya ba, rawar iri ɗaya ce.

Oga: Wannan kam na ba ka, kuma duba shi ba ya cin ko sisi. Alhaji, fara da shi. Sai ka sa manhajar auna karkata a waya, ka manna gefen wayar a fuskar ƙarfen da farfela ke ɗaurewa wajen giya, da na aksil, da jikin farfelar. In kuskuren kaɗan ne, weji, wato ɗan ƙarfe mai gefe ɗaya kauri ɗaya siriri, tsakanin sifirin da mazauninsa ya isa. In ya yi yawa sai an sake yankewa, a ɗana walda kaɗan, a auna, kafin a cike.

Mai a-kori-kura: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe bayan azahar zan turo lambobin uku, in sha Allahu. Kafin nan zan iya kai kaya Jega da ita?

Oga: A hankali, kuma ka fara girgiza kuros ɗin da hannu. In yana wasa, kada ka fita.