35, 28 ko 21? Gilashi mai faɗi nake nema don tafiyar Fas

Ɗan Koki:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu hoto. Shawara nake nema kan gilashin kyamara, wato lens, kuma lokaci ya fara ƙure mini.

Bayan Mauludi, in Allah ya kai mu, zan raka mahaifina ziyara Fas, a Maroko. Shekara da shekaru yana burin ganin zawiyar Shehu Tijjani da idonsa, sai bana Allah ya hore. Kwana tara za mu yi. Ni ne mai riƙe jaka da fasfo da maganinsa, amma ina so in dawo da hotunan da za a wanke a rataya a zaure, na fim, ba na waya kawai ba. Baba ya haura saba'in, ban san ko za a sake irin wannan tafiya ba.

Kyamarata Voigtländer Bessa R2 ce, na saye ta hannu na biyu shekara uku da suka wuce. Ga wanda bai saba da irinta ba, ita mai auna nisa ce: ba ta cikin gilashi kake leƙawa ba, tagarta daban take a gefe, da ɗan tabo mai haske a tsakiya inda abu ke rabuwa biyu. Kana murɗa gilashi har biyun su haɗu, to ka samu saiti. Gilashi ɗaya gare ni, 50mm, kuma ina son sa ƙwarai. Sai dai a Sallar da ta wuce na shiga Kasuwar Kurmi da shi, na so in ɗauki wani dattijo mai sayar da linzami da sirdi tare da rumfarsa. Na ja baya, na ja baya, har na jingina da bangon rumfar da ke bayana, duk da haka rabin kayan a waje suke. An ce mini lungunan tsohon birnin Fas sun fi na Kurmi matsi.

Abin da nake dubawa guda uku ne (ƙaramar lambar mm na nufin hoto mai faɗi, ƙaramar lambar f kuma na nufin gilashin ya fi shigar da haske). Color-Skopar 35mm f/2.5, ko wani 28mm kamar Ultron f/2 ko Biogon f/2.8 na Zeiss, ko kuma Color-Skopar 21mm f/4. Kuɗina na guda ɗaya ne, ba biyu ba. Zuciyata ta fi karkata ga 21, don ina ganin tunda faɗi nake nema gara in sayi mai faɗin sosai. Wani abokina kuma yana da Jupiter-12 na Rasha, 35mm, ya ce in ba shi abin da ya sawwaƙa. Ina sa tabarau, ban sani ba ko wannan zai shafi zaɓin.

Tsohon Mai Hoto:

Wa alaikumus salam. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ziyara, ya saka maka da alheri kan hidimar mahaifi.

Ɗana, maganar da ka ajiye a ƙarshe ita ce ta farko. Tabarau ya shafi zaɓin, kuma sosai. A irin wannan kyamara ba daga gilashi ake fara lissafi ba, daga taga ake farawa. Ɗauko Bessarka ka duba ɗan hannun da ke samanta. Layukan da ke nuna iyakar hoto a cikin taga, waɗanda ake zaɓa da hannun nan, huɗu take da su: 35, 50, 75 da 90. Babu 28, babu 21. Duk wanda ka saya cikin waɗannan biyun sai ka ƙara sayen ƙaramar taga ta waje ka soke a gurbin fitilar filasha da ke saman kyamara, ka riƙa yin saiti a wata taga kana tsara hoto a wata. Za ka ji masu cewa a ɗauki dukan faɗin tagar R2 a matsayin 28. Kusan haka ne ga mai ido tsirara da zai manna idonsa, amma mai tabarau ko layin 35 sai ya ɗan juya ido kafin ya ga kusurwoyinsa.

Ka yi tunanin yadda tafiyar za ta kasance. Hannunka ɗaya na riƙe da dattijo a kan gangara, ga alfadarai da jakuna ɗauke da kaya suna neman hanya. Ina lokacin leƙa taga biyu?

Ga lissafi mai sauƙi, ka riƙe shi. In kana tsaye mita 2 daga bango, gilashin 50 zai ɗauko maka faɗin kusan mita 1.4. Na 35 zai ba ka mita 2 da ɗan ɗoriya, na 28 kusan 2.6, na 21 kusan 3.4. Daga 1.4 zuwa 2 ba ƙaramin sauyi ba ne, rumfar mai sirdin nan da ta shiga. Sannan ka juya lissafin: in kana so mutum a tsaye ya cika hoto daga hula zuwa takalmi, da 35 za ka tsaya kamar mita ɗaya da rabi da ɗan kai, da 21 kuwa sai ka matso mita ɗaya cif. Mita ɗaya a gaban baƙon da bai san ka ba, a garin da ba naka ba, wannan ya zama shiga fuska. In kuma ka tsaya nesa don kunya, sai mahaifinka ya fito ɗan mitsitsi a tsakiyar gini. Shi ka je ɗauka, ba bango ba.

Ni dai 35 na ce. Shekaru na yi ina ɗaukar biki da suna da hawan Sallah da shi. Skopar ɗin da ka ambata bai kai giram 150 ba, gajere ne, ba ya tare maka kusurwar taga.

Maman Hanan:

Baba Tsohon Mai Hoto ya faɗi gaskiya kan taga, amma a bar ni in ɗan kare 28, don na je Fas da shi kuma ban yi nadama ba.

Akwai wuraren da 35 zai ƙuntata maka. Tsakar gidan makarantar Attarin, wadda ke daf da masallacin Ƙarawiyyin, ƙarama ce, kuma adonta daga ƙasa yake har sama: tayil a ƙasa, sassaƙen farar ƙasa a tsakiya, katako a can sama. Da 28 na samu duka ukun a hoto ɗaya tare da ɗan kaskon ruwan da ke tsakiya. Haka ma hanyar da ta gangaro daga ƙofar Bab Bujulud, inda aka rufe sama da katako rana na tsiyayowa ta tsakani. Abu na biyu, saiti. Da 28 a f/8, in ka ajiye nisa a kan mita 3 da ɗan kai, komai daga kusan mita 1.6 har iyakar gani zai fito tas. Ɗaga kyamara kawai za ka yi ka danna. Da 35 sai ka ajiye a mita 5, kuma tsabtar tana farawa ne daga mita biyu da rabi.

Amma fa kyamarata Leica M6 ce, tana da layin 28 a cikinta, kuma ba na sa tabarau. Ko a hakan layin yana can bakin taga. Da Bessa R4 gare ka, wadda aka ƙera musamman don masu faɗi, da layukan 21, 25 da 28 a ciki, da ban bari ka saurari kowa ba. A R2 kam, maganar Baba ta fi tawa nauyi.

Kada ka bar 50 ɗinka a gida. Majemar Shuwara daga saman shagunan 'yan fata ake kallonta, ramukan rini suna can ƙasa, mai faɗi zai mayar da ma'aikatan kamar tururuwa. A nan 50 ne ke aiki. Kai da ka san marinar Ƙofar Mata za ka daɗe a wurin.

Sai batun haske, wanda mutane ke mantawa saboda sun ji an ce Maroko ƙasar rana ce. Cikin lungu duhu ne, ko da azahar. f/4 na 21 zai wahalar da kai a can, tsakaninsa da f/2.5 ya fi ninki biyu na haske. Ka tafi da fim mai ISO 400, wato mai saurin kama haske, HP5 ko Tri-X in baƙi da fari ne, Portra 400 in mai kala ne. Ka sa su a farar leda a jakar hannu, kada su shiga akwatin da za a auna. A filin jirgi ka roƙa a duba su da hannu, musamman inda aka sa sababbin na'urorin binciken kaya irin na CT, don su ko wucewa ɗaya na iya ɓata fim. Ni an taɓa ƙin yarda a wani filin jirgi, na yi haƙuri na sa, to ka shirya wa hakan ma. A zawiya kuwa ka nemi izini kafin ka fito da kyamara, mutane ibada suka zo yi.

Na Damagaram:

Malam Ɗan Koki, ni ina da 21 ɗin da kake sha'awa, kuma ina ƙaunarsa, shi ya sa zan gaya maka kada ya zama gilashinka na farko.

Na kai shi Agadas. Hasumiyar babban masallaci mita 27 ce, kuma gidaje sun kewaye ta, ba ka da wurin ja da baya sosai. Na ce yau ranar 21 ce. Na ɗaga kan kyamara sama don in samu ƙololuwa, da aka wanke fim sai ga hasumiya kamar za ta faɗi ta baya, katangun gefe sun karkato ciki. Ba laifin gilashin ba ne, layinsa miƙaƙƙe ne. Duk gilashi mai faɗi haka yake in ba ka riƙe kyamara daidai ba, kuma a tagar waje ba ka ganin yawan karkatar sai bayan wanki. Wanda ya tsaya a gefen hoto kuma kansa sai ya miƙe kamar ƙwai. Na ɗauki watanni kafin hannuna ya saba. Kai kwana tara gare ka.

Ka tuna kuma wayarka na aljihu. Babbar kyamarar yawancin wayoyin yanzu faɗinta tsakanin 24 da 26 yake. In ka shiga wurin da 35 ya gaza, waya ta rufa maka asiri.

Jupiter-12 kuwa, ka yi wa abokinka godiya ka bar masa abinsa. An kwaikwayi tsohon Biogon na Zeiss ne, gilashinsa na baya ƙato ne, yana nutsewa can cikin kyamara har kusa da labulen da ke buɗe wa fim haske. A kyamarorin Zorki da FED na tsohuwar Tarayyar Soviet lafiya lau yake zama. A Bessa cikin ya fi matsi, yana iya gogar wani abu, kuma yana tare mitar haske. Ga shi wajen haɗa shi da kyamara na murɗawa ne kamar noti, sai ka nemi adafta. Ba abin da za ka gwada ana saura makonni ka tashi ba ne.

Ɗan Koki:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, maganarka ta hana ni barci, sai na ce bari in gwada da ƙafata.

Tunda a Bessa da hannu ake zaɓar layi, ba gilashi ke zaɓa ba, jiya da la'asar na tura ɗan hannun zuwa 35 alhali 50 ne a jiki, na koma Kurmi ba tare da fim ba. Na samu dattijon nan mai sirdi, muka gaisa, na gaya masa abin da nake yi, ya yi murmushi ya ce in yi. Na tsaya daidai inda na jingina ranar Sallah. Rumfar ta shiga cikin layin gaba ɗaya, har da linzaman da ke rataye a sama. Kuma gaskiya ne, da tabarau sai na ɗan kai ido hagu da dama kafin in ga iyakar layin. Abin da ke wajensa kuwa ban ma iya ganinsa sosai, balle in ce zan auna 28 da shi.

Don in cire wa kaina kokwanton 21, na yanka rami a kwali, tsawo milimita 72, faɗi 48, wato ninki biyu na fim, na riƙe shi kamar milimita 42 daga idona. Da na dawo gida na gwada a kan mahaifina yana zaune a kan buzunsa yana lazimi. Kafin ya cika ramin sai da na matso har gwiwata ta kusa taɓa buzun. Ya ɗago ya dube ni. Ba zan iya yi masa haka a gaban kabarin Shehu ba, balle wani baƙo.

Don haka na tsaya a kan Skopar 35, kuma 50 zai bi ni a aljihun jaka saboda majema, kamar yadda Hajiya Maman Hanan ta ce. Hajiya, tsakar gidan Attarin sai dai in ɗauke ta a tsaye, ko in raba ta hoto biyu. Na yi odar nadi goma na fim, shida baƙi da fari, huɗu masu kala.

Tambaya ɗaya ta rage. Gilashin ba da malafarsa zai zo ba, wato zoben da ake sa masa a baki don tare rana, daban ake sayar da ita. Ta zama dole? Kuma filta fa?

Tsohon Mai Hoto:

Madalla, ɗana. Malafar ka saya in da hali, ba don rana kaɗai ba. A lungu mai cunkoso gefen mangala ko kafaɗar wani za ta bugi kyamarar, gara malafa ta lotsa da gilashi ya tsage. Ka nemi mai huji a gefe, don ta bar maka ganin kusurwar taga ta ƙasa. Filta kuma bakin gilashin 39mm ne. Fara guda ɗaya ta isa don ƙura, in kana so ka ƙara ruwan ɗorawa saboda baƙi da fari, tana fito da gajimare, amma ka cire ta in za ka shiga duhu don tana cin haske.

Da zarar ya iso, ka sa nadi ɗaya ka ƙarar da shi a Kano, a wanke ka gani kafin ku tashi. Ka ɗauki abu a mita ɗaya da gilashi a buɗe duka, ka ɗauki wani a nesa kamar hasumiyar masallaci, don ka tabbatar saitin tagar da na gilashin sun yi daidai. Ka sa sababbin batura biyu don mitar haske, ka riƙe wasu biyu a aljihu. Ka gaishe da Malam, ka ce ya sa mu a addu'a in ya isa.