An riƙe mini kuɗi a banki bayan mai saye ta karɓi kaya: mece ce mafita?

Mai Atamfa, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin banki da kuma 'yan'uwana masu sayar da kaya ta intanet. Ina sana'ar atamfa da leshi daga gida a nan Katsina, ina tallata su a WhatsApp da Instagram, kuma mafi yawan masu sayena a Abuja da Kaduna suke. A watan jiya wata mata ta zaɓi turmi shida na atamfa da leshi biyu, muka daidaita a kan naira 240,000. Kuɗi suka shigo ta tiransifa, na buɗe manhajar banki na tabbatar sun zauna kafin na ɗaure kayan. Ƙanena ya kai ƙunshin tasha ya ba direban motar Abuja, direban ya kira lambar da ta bayar, aka zo aka karɓa a Jabi.

Yanzu banki ya riƙe wannan adadin a asusuna, kuma da na je reshe aka ce mini ƙorafi ne ya zo daga bankin da aka turo kuɗin. Matar ba ta ɗaga waya, amma ta rubuto cewa idan na mayar mata da rabin kuɗin ta wani asusu da za ta ba ni, za ta sa a janye ƙorafin. Jarina ne ke ciki, ga dilan da ya ba ni kaya a babbar kasuwa yana jiran cikon kuɗinsa. Shin in ba ta rabin in huta, ko akwai hanyar da zan bi?

Tsohon Ma'aikacin Banki, Katsina:

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah Ya kawo mafita. Kafin komai, kada ki tura ko kwabo zuwa asusun da ta ba ki. Ƙorafin yana tsakanin bankuna biyu ne, kuma ba ya mutuwa sai bankin da ya shigar da shi ya janye a rubuce. Idan kika tura mata rabi ta bayan fage, babu abin da zai hana ƙorafin ci gaba, a ƙarshe a cire cikakken adadin daga asusunki, ki wayi gari babu kaya, babu kuɗi, ga ƙarin asarar naira 120,000. Idan ma kin yanke shawarar yin sulhu, ta hannun banki za a yi shi, kuɗin su koma asusun da suka fito, a kuma ba ki takardar rufe ƙorafin.

Abin da ya kamata ki fara sani shi ne irin ƙorafin da aka shigar, domin ba ɗaya suke ba. Akwai wanda zai ce bisa kuskure ya tura kuɗin, akwai wanda zai ce ba da saninsa aka tura ba, wato an yi masa kutse ko damfara, akwai kuma wanda zai ce ya biya ba a ba shi kaya ba. A kan na kuskure, ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2018 game da tiransifa ta nan take ta ce bankin mai karɓa zai riƙe adadin, ya nemi amincewar mai asusu kafin a mayar, idan kuma bai amince ba, masu binciken cikin gida na bankunan biyu su shiga tsakani cikin mako biyu. Ƙorafin damfara ya fi nauyi, domin shi ne kan jawo a hana cire kuɗi daga asusu gaba ɗaya, abin da ma'aikata ke kira PND. Saboda haka ki koma reshe da wasiƙa, ba da baki kawai ba, ki nemi a faɗa miki dalilin riƙewar da sunan bankin da ya nema, ki kuma bayyana ƙarara cewa kuɗin ciniki ne kuma ba ki amince a mayar ba. Ki je da kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, ki kuma karɓi lambar ƙorafinki.

A jikin wasiƙar ki liƙa hujjojinki: hirarku tun daga sallama har zuwa inda ta ba da lambar mai karɓa, ba tare da kin yanke komai ba, hoton kayan, sitatimen na ranar, da lambar hada-hadar. Duk tiransifar da ta bi ta NIBSS, wato kamfanin da ke haɗa tiransifa tsakanin bankunan Najeriya, tana da lamba mai alƙaluma 30 da bankunan biyu ke iya bibiya da ita. Saƙon da ta nemi rabin kuɗi ta wani asusu shi ma hujja ce babba, ki adana shi kafin ta goge. Sannan ki nemo direban tun bai manta ba, a je wurin shugabannin tasha a duba ko an rubuta ƙunshin a littafinsu, ya kuma ɗauko hoton kiran da ya yi a ranar.

Idan mako biyu suka wuce bankinki bai warware ba, kina da damar kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, wanda ke da reshe a nan Katsina. Ba sa sauraron wanda bai fara kai kuka bankinsa ba, shi ya sa takardar nan mai hatimi take da daraja.

Baban Yara, Daura:

Allah Ya saka wa Malam da alheri, ya yi bayani. Ni takalma da jakunkunan fata nake sayarwa, kuma wasu masu sayena da kati suke biya ta shafina, don haka zan ƙara abin da ya shafi wannan ɓangaren saboda masu karantawa. A biyan kati, mai saye yana da damar neman bankinsa ya janyo kuɗinsa ko bayan watanni. A tsarin katin Visa, yawancin dalilai suna da wa'adin kwana 120. Shi kuwa mai sayarwa, kamfanin da ke karɓar masa kuɗi imel zai turo masa da wa'adi ɗan gajere, kuma idan bai amsa ba ana ɗauka ya amince, a cire kuɗin daga cinikinsa na gaba. Da yawa daga cikinmu ba hujja suka rasa ba, imel ɗin ne ba su buɗe ba.

Cinikin intanet cinikin biri a sama ne ga kowane ɓangare, saboda haka ni ba na sakin kaya sai direba ya ɗauki hoton mai karɓa riƙe da ƙunshin, mai saye kuma ya rubuto mini cewa ya karɓa. Hajiya, ina da tambaya ɗaya: sunan da ya fito a alat shi ne sunan matar da kuka yi ciniki?

Mai Atamfa, Ƙofar Ƙaura:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Alhaji. A'a, sunan namiji ne ya fito. Ta ce mini a lokacin maigidanta ne zai biya, kuma wannan abu ne da nake gani kullum, domin mata da yawa mazajensu ko yayyensu ke tura musu.

Tsohon Ma'aikacin Banki, Katsina:

To, Hajiya, wannan ya sauya yadda nake kallon lamarin, kuma tambayar Alhaji ta taɓo inda matsalar take. Mai yiwuwa mijinta ne da gaske, amma neman rabin kuɗi ta wani asusu daban ya sa ina zargin wata irin damfara. Ɗan damfara zai yi ciniki da ke, a lokaci guda kuma yana tallata wa wani bawan Allah waya ko wani abin da ba shi da shi. Idan wancan ya tashi biya, sai a ba shi lambar asusunki. Ke kin ga kuɗi kin saki kaya, ɗan damfara ya kwashe, shi kuma mai kuɗin ya jira kayansa shiru, sai ya garzaya bankinsa ya ce an cuce shi, kuma asusunki ne kaɗai sunan da yake da shi. Ta haka mai gaskiya kan taka sawun ɓarawo.

Idan haka ne, matar da kike magana da ita ba ta da ikon janye komai, domin ba ita ta shigar da ƙorafin ba. Ki rubuta a wasiƙarki cewa sunan mai biya ya saɓa da na mai ciniki, ki haɗa da saƙon da ta ce mijinta ne, kada ki ɓoye, domin za su gani da kansu. Ki kai rahoto ofishin 'yan sanda da lambobin wayarta da lambar asusun da ta ba ki, ki karɓi shaidar rahoton ki kai banki. Kowane asusu yana haɗe da BVN ko NIN na wani mutum, kuma ta nan bincike kan fara. Kada kuma ki yi ƙoƙarin kwashe sauran kuɗinki don gudun riƙewa, domin hakan na sa a ƙara zarginki, har ta kai ga sanya BVN ɗinki cikin jerin waɗanda ake sa wa ido, abin da zai shafi duk asusunki a kowane banki.

Zan faɗa miki gaskiya: a irin wannan yanayi ku biyu aka zalunta, ke da mai kuɗin, kuma ba kullum bankuna ke iya raba gardamar ba, wani lokaci sai an je kotu. Hujjarki ita ce kin ba da kaya a kan kuɗin kuma ba ki san da wata cuta ba, don haka shaidar direba ta fi komai muhimmanci yanzu. Ki sa ƙanenki ya je tasha gobe da sassafe kafin motocin Abuja su tashi. Shi kuma dilanki, ki kai masa kwafin wasiƙar mai hatimi ya gani da idonsa, ki nemi ya ƙara miki lokaci har bankin ya amsa.